Yadda ake koyar da dunƙule lamba da shingen kuskuren awo

Wannan bayani na sabon malamin lissafi ne, musamman ɗan kwantaragi da aka miƙa wa aji a koleji ba wanda ya nuna masa ta ina ake kama darasin. Zai kuma yi wa yayye amfani, masu zaunar da ƙanne bayan isha'i a unguwar Birni ko Zango a Damagaram saboda jarrabawar BEPC. Duk lambar da ta fito daga awo tana da ɗan filin da take wasa a ciki, kuma yaro ba ya yarda da haka sai ya auna da hannunsa. In ka fara masa da dokar "daga biyar zuwa sama a ƙara ɗaya", zai haddace ta yau, bayan sati biyu ya juya ta. Shi ya sa nake farawa da awo, doka ta biyo baya. Aikin yana cin zama uku ko huɗu na awa guda.

Sunaye uku zan yi ta maimaitawa. Dunƙulewa ita ce abin da muke ce wa arondi a aji, guntulewa ita ce turonkatir, shinge kuma shi ne ankadirima, wato iyakar ƙasa da iyakar sama da lambar gaskiya take tsakaninsu.

Kayan aiki

Regil mai santimita 20 ko 30, wadda zanen milimita bai goge ba. Tef ɗin tela, irin mai santimita 150. Kaye, fensir mai tsini, alli kala biyu, igiya marar miƙewa, da farar takardar A4. Ma'aunin kilo in an samu aro wurin mai shago, da injin lissafi, ko da na waya ne.

In regil ba ta wadatar ba, kada darasi ya tsaya. Kaye mai manyan gidaje, wanda yara suka saba da shi tun firamare, kowane gida milimita 8 ne, siraran layukan ciki kuma milimita 2 ne tsakaninsu. Kaye mai ƙananan gidaje, kowane gida milimita 5 ne, gida biyu santimita guda ke nan. A yanki tsiri, a manna a kwali, a rubuta lambobi, an sami regil. Takardar A4 kuwa faɗinta santimita 21, tsawonta 29,7, da ita za ka gwada kowace regil da kake shakka. Za ka lura ina raba lamba da waƙafi kamar yadda littattafanmu suke yi. Littafin da ya shigo daga Kano ɗigo yake sawa a nan, waƙafi kuma a kan dubbai, don haka ka gaya wa yara tun farko kada su karanta 1,250 na can a matsayin ɗaya da kwata.

1. A auna abu guda da hannu biyar

Zaɓi teburin malami. Kira yara biyar ɗaya bayan ɗaya, kowa ya auna tsawonsa da tef, ya rubuta a takarda ya ninke, kada ya faɗa. In sun faɗa da baki, na biyu zai kwaikwayi na farko, aikin ya lalace. Bayan sun gama ka buɗe, ka jera a allo. Za ka ga wani abu kamar 118,3 da 118,4 da 118,4 da 118,6 da 119,5.

Tambaye su wa ya yi daidai, ka bar su su ɗan yi musu. Daga nan ka nuna musu bambanci iri biyu ne a allon. Na 119,5 kuskuren hannu ne, ana gano shi a gyara. Galibi yaron daga 1 ya fara, ba daga sifiri ba, ko ya bar tef ya karkace. Sauran huɗun kuwa ba mai laifi a cikinsu. Bakin teburin ya zaizaye, wani ya ja tef da ƙarfi, wani ya sassauta, ido ma yana da iyakarsa. Ko sau ɗari aka sake, sai an sami wannan ɗan wasan.

Abubuwan da za ka tsaya a kansu kafin a ci gaba: a regil sifiri ba a bakinta yake ba, akwai ɗan fili kafinsa. Ido ya tsaya kai tsaye bisa zanen, don in an duba ta gefe milimita guda tana ɓacewa. Tsohon tef na tela yana miƙewa, kuma tef da ya miƙe yana rage awo ne. Sannan mafi yawan tef fuska biyu gare shi, ɗaya santimita, ɗaya inci, kuma inci guda santimita 2,54 ne. Yaron da ya ce maka teburin 46 da rabi ne, bayan tef ya karanta.

2. Layi kafin doka

Ja dogon layi a allo. Rubuta 118 a hagu, 119 a dama, raba tsakani kashi goma, ka sa 118,5 a tsakiya da alli mai kala. Kowane yaro ya zo ya ɗora awonsa. Tambayar guda ce: wannan ya fi kusa da wa? 118,3 da 118,4 sun fi kusa da 118. Shi kuwa 118,6 ya fi kusa da 119. Sun dunƙule lamba ke nan ba ka ba su doka ba.

Wani zai tambaya game da 118,5 ɗin kansa. Faɗa masa gaskiya, nisan daidai yake ta ko'ina, yarjejeniya ce aka yi a makaranta cewa na tsakiya sama ake kai shi.

3. Dokar, da wuraren da take kayar da yara

Yanzu ka rubuta ta. A ja layi ƙarƙashin gidan da aka ce a tsaya. A dubi lamba guda tak da ke damansa. In daga 0 zuwa 4 ce, a bar gidan yadda yake. In daga 5 zuwa 9 ce, a ƙara masa ɗaya. Abin da ya rage a dama, in bayan waƙafi yake a share, in kafin waƙafi ne a mai da shi sifiri.

Lambar da na fi so a nan ita ce canjin kuɗinmu. Tun 1999 yuro guda sefa 655,957 ne, ba ya motsi. A gida na biyu bayan waƙafi ta zama 655,96. A gidan ɗaiɗai 656, a gidan gomomi 660, a gidan ɗaruruwa 700. Ka ajiye gida na farko bayan waƙafi sai ƙarshe, don nan tarkon yake. Gidan 9 ne, na damansa 5, sai a ƙara ɗaya, tara ta cika goma, a rubuta 0 a ɗauki ɗaya zuwa hagu. Amsa 656,0. Da yawa za su rubuta 655,10, wasu kuma 656 kawai. Na farko kuskure ne ƙarara. Na biyun ma ban karɓa, kuma dalilin zai fito a mataki na 5: wannan sifirin yana faɗin iya inda aka tsaya.

Don manyan lambobi ka ɗauki ƙidayar jama'ar Nijar ta 2012, mutum 17 138 707. A gidan dubbai 17 139 000, a gidan dubu ɗari 17 100 000, a gidan miliyan 17 000 000. Kullum sai an sami wanda ya share sifirai ya rubuta 17. Kada ka ce masa komai, ka tambaye shi kawai ko mutum goma sha bakwai ne a ƙasar.

Babban ciwon shi ne dunƙulewa hawa-hawa. Yaro mai matsakaicin maki 9,46 bisa 20 zai ce 9,46 ya zama 9,5, shi kuma 9,5 ya zama 10, ya haye ke nan. Mai da shi kan layi: 9,46 bai kai 9,5 ba, saboda haka ya fi kusa da 9. Ana dunƙulewa sau ɗaya ne, daga lambar asali. Na lura wannan misalin ya fi kowane zama a kai, don ba yaron da bai taɓa lissafa makinsa da irin wannan fatan ba.

4. Guntulewa, da inda hankali ya fi doka

Guntulewa ba ta duban dama, yankewa kawai ake yi. Pi 3,14159 ne da ɗoriya. A gida na uku, guntulewa ta ba da 3,141, dunƙulewa ta ba da 3,142. Waɗannan biyun su ne ƙiyasin ƙasa da ƙiyasin sama, kuma 3,141 < pi < 3,142 shinge ne mai faɗin 0,001. Wannan ba ya ɗaukar lokaci.

Abin da ya cancanci lokaci shi ne tambayoyin da labarinsu ke zaɓar amsa. Yara 130 za su tafi Mirya, mota tana ɗaukar 18. Rabawa ta ba da 7,2 da ƴan kai, doka ta ce 7, amma yara huɗu za a bari a tasha, don haka mota 8. Atamfa mai yadi shida kuma, tunda yadi santimita 91,44 ne, mita 5,4864 ke nan. In kowace riga tana cin mita 2, rabawa ta ba da 2,7, doka ta ce 3, tela ya ce 2. Sa yara su rubuta jimla guda a ƙarƙashin amsa, su faɗi dalilin hawa ko sauka.

Akwai kuma dunƙulewar kasuwa, wadda suka iya tun kafin su shiga lakwal. A kasuwar Dole ba mai ba ka canjin da bai kai dala ba. Lissafi ya ba da sefa 1 237, a raba da biyar a sami dala 247,4, a dunƙule zuwa dala 247, wato sefa 1 235. Hanyar ke nan ga kowane taki, na 5 ko 25 ko 50: a raba, a dunƙule, a sake ninkawa.

5. Komawa baya: daga amsa zuwa shinge

Nan ne zuciyar darasin, ka ba shi zama guda cur. Rubuta a allo: an auna teburi, an dunƙule zuwa santimita mafi kusa, an sami 118. Mene ne mafi ƙanƙantar tsawon da zai iya kasancewa, mene ne mafi girma?

Ja layi, wannan karon 117 da 118 da 119, ka sa tsakiya biyu, 117,5 da 118,5. Duk abin da ya faɗo tsakaninsu 118 zai zama. Hanyar a taƙaice: a gano takin da aka dunƙule da shi, a raba shi biyu, a cire rabin don iyakar ƙasa, a ƙara rabin don iyakar sama. Sai a rubuta

117,5 ≤ L < 118,5

ko, yadda littattafanmu ke sawa, [117,5 ; 118,5[ da baka ta biyu tana kallon waje. A darasin kimiyya za su ga 118 ± 0,5, magana guda ce.

Alamomin biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma nan maki ke zubewa. 117,5 yana ciki, don shi sama ake kai shi ya zama 118. Amma 118,5 ba ya ciki, don 119 zai zama. Yaro mai kaifi zai ce to a rubuta 118,4 mana. Ce masa ina 118,45? Zai koma 118,49. Ce masa ina 118,495? Ku yi ta yi har ya gaji ya gane ba wata lamba ta ƙarshe kafin 118,5, shi ya sa muke rubuta 118,5 ɗin mu rufe masa ƙofa da alamar <. Kada ka gajarta wannan musun, minti biyar ɗin ba asara ba ne.

Sai a sauya taki. Kilo 4,7 da aka dunƙule zuwa 0,1: rabin taki 0,05 ne, shinge 4,65 ≤ m < 4,75. Kilomita 240 zuwa goma mafi kusa: 235 ≤ d < 245. Yanzu ka dawo da sifirin nan na mataki na 3. Lamba 656 tana nufin daga 655,5 zuwa 656,5, ita kuwa 656,0 daga 655,95 zuwa 656,05, shingen da ya fi matsewa sau goma. Haka in aka ce 600 ba a faɗi taki ba, ba a iya kafa shinge, don yana iya zama 550 zuwa 650, ko 595 zuwa 605, ko 599,5 zuwa 600,5. Koya musu su nemi takin a cikin tambaya su ja masa layi kafin su taɓa lissafi.

Wurare biyu sun saɓa wa hanyar rabin taki. In guntulewa aka yi, shingen gaba ɗaya sama yake: 118 ≤ L < 119. Shekarun mutum haka suke, mai shekara 14 yana nan a 14 har jajibirin cikarsa 15. In kuma abin ƙirgawa ne, ba na aunawa ba, akwai lamba ta ƙarshe. Ajin da aka ce yara 60 ne zuwa goma mafi kusa, daga 55 ne zuwa 64.

In akwai ma'aunin kilo, ka sa a auno tiyar hatsi sau biyar da hannu daban-daban a ɗora. Ana yawan ƙiyasta tiya kilo biyu da rabi, amma tsororuwar kowa daban. A nan ba rabin taki ke kafa shinge ba, tazarar da ke tsakanin mafi ƙarancin awo da mafi yawa ce, kuma ta fi zanen ma'aunin faɗi nesa ba kusa ba.

6. Lissafi da shinge

Fili ne aka auna, mita 20 a kan mita 15, kowane zuwa mita mafi kusa. Dokar aiki: a fara rubuta shingen kowane awo, sannan a yi lissafi. Tsawo daga 19,5 zuwa 20,5, faɗi daga 14,5 zuwa 15,5.

Tarawa da ninkawa ba wuya, ƙarami da ƙarami, babba da babba. Kewaye daga 68 zuwa 72. Girman fili daga 19,5 × 14,5 = 282,75 zuwa 20,5 × 15,5 = 317,75. Tsaya nan ka bar su su kalli lambobin. Filin da kowa zai ce 300 ne, tsakanin iyakokinsa akwai murabba'in mita 35, ya fi ɗaki biyu masu huɗu-huɗu. Kuskuren da aka saba shi ne a ninka 20 da 15 tukuna, a sa rabi-rabi a kan 300, a rubuta 299,5 zuwa 300,5.

Ɗebewa da rabawa gicciye suke. Buhu mai kilo 100, an ɗebi kilo 35, duka zuwa kilo mafi kusa. Ragowa za ta fi ƙanƙanta in buhun ƙarami ne kuma an ɗebi da yawa: 99,5 − 35,5 = 64. Za ta fi girma in buhun babba ne kuma an ɗebi kaɗan: 100,5 − 34,5 = 66. Yaron da ya yi ƙarami da ƙarami zai sami 65 a ƙasa, 65 a sama, shinge ya ɓace, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna masa da matsala. Ban so a haddace "gicciye". Na fi son a yi tambayar da baki kowane lokaci: me zai sa amsa ta fi ƙanƙanta?

Ga na rabawa. A ce tafiya ce ta kilomita 240 zuwa goma mafi kusa, kwatankwacin Damagaram zuwa Maraɗi, cikin awa 4 zuwa awa mafi kusa. Mafi ƙarancin gudu 235 ÷ 4,5, kusan 52,2. Mafi yawa 245 ÷ 3,5 = 70. Faɗin nan daga awon lokaci ya fito. Sa su sake da lokaci zuwa minti goma mafi kusa, su ga yadda shingen ke tsukewa.

7. Lamba nawa ya kamata a rubuta

Rabin santimita a kan bik mai santimita 15 ya haura kashi 3 cikin ɗari. A kan teburinmu bai kai rabin kashi ɗaya ba, a kan bango mai mita 8 kuwa 0,06 ne. A raba kuskure da awon, a ninka da ɗari, shi ke nuna ingancin awo.

Injin lissafi bai san da wannan ba, duk abin da ya samu zubowa yake. A auna takardar A4 da regil, 21,0 da 29,7. Inji ya ce 623,7. Shinge kuwa daga 20,95 × 29,65, kusan 621,2, zuwa 21,05 × 29,75, kusan 626,2. Ukun ma ba ta da tabbas, balle bakwai ɗin bayan waƙafi. Amsar mai hankali ita ce kusan 624, da wasan 3 sama ko ƙasa. Ga ƴan koleji ya isa ka ce kada amsa ta fi awon da aka fara da shi yawan lambobi masu ma'ana, kamar yadda 21,0 da 29,7 da 624 kowacce lambobi uku gare ta.

Amma wannan ragewar a ƙarshe ake yin ta. A tsakiyar lissafi a bar lamba cikakkiya a inji, ko a riƙe ta a matsayin kaso. Jika goma, wato sefa 10 000, a raba uku, a ninka da 12, jika 40 ne cif. Wanda ya tsaya ya rubuta 3 333 zai ƙare da 39 996. Yuro 1 000 sefa 655 957 ne. Da 656 an ƙara sefa 43, da 650 kuwa an yi asarar 5 957. In ba inji a ajin, a riƙe gida biyu fiye da wanda aka nema, a dunƙule a layin ƙarshe.

8. Gwajin minti goma

Tambaya biyar a allo, kowa da takardarsa. Dunƙule 7,996 a gida na biyu bayan waƙafi. Dunƙule 2,449 a gida na farko. Kafa shingen lita 12,0. Kafa shingen 37 da aka guntule. Igiya mai mita 8 an yanke mita 3, duka zuwa mita mafi kusa, kafa shingen ragowa.

Amsoshi: 8,00, sai 2,4, sai 11,95 ≤ V < 12,05, sai 37 ≤ x < 38, ta ƙarshe tsakanin 4 da 6. Kowace tambaya tarko guda take gwadawa, saboda haka kada ka tsaya ga jimlar maki, ka ƙirga mutum nawa suka faɗi a kowace. Waɗanda suka rubuta 2,5 a ta biyu ka mai da su layin mataki na 2. In rabin aji ya faɗi ta biyar, kawo igiya da almakashi a zama na gaba, a auna, a yanke, a sake auna ragowar.